Darasi na 14: Earl Palmer, Makaɗin Bayan Fage

Ɗalibai, idan an saki waƙa a gidan rediyo, sunan wa mai gabatarwa yake faɗa? Sunan mawaƙi. Za ku ji an ce ga Alhaji Mamman Shata, ko ga Musa Ɗanƙwairo, ko ga Barmani Coge. Amma duk wanda ya saurari Shata ya san ba muryarsa kaɗai ke tashi ba. A bayansa akwai masu kalangu, su ne suke shimfiɗa masa hanyar da muryarsa za ta bi, su ɗaga idan ya ɗaga, su sassauta idan ya sassauta. Haka Ɗanƙwairo yake da masu kotso da 'yan amshi. Ku tambayi mutum goma a Kasuwar Kure ko a Bosso su faɗa muku sunan mawaƙin, duk za su faɗa. Ku tambaye su sunan mai kiɗan, a nan ne za a fara kallon juna.

Wannan darasi a kan irin wannan mutum yake, wato makaɗin da kowa ya san hannunsa amma kaɗan ne suka san sunansa. Za mu ɗauko misalinmu daga nesa, daga ƙasar Amurka, domin a can ne wannan sana'a ta zama aiki mai zaman kansa. Kamfanonin faifai sukan ɗauki makaɗi haya na awa uku, ya yi wa mawaƙin da ya tarar kiɗa, a biya shi, ya tafi. Gobe kuma wani mawaƙin ne dabam. Za mu kira irin wannan ma'aikaci makaɗin haya. Daga cikinsu babu wanda ya bar sawu kamar Earl Palmer, wanda ya rayu daga 1924 zuwa 2008.

Garin da ya haife shi

An haifi Earl Palmer ranar 25 ga Oktoba, 1924, a birnin New Orleans na Jihar Louisiana, kusa da inda kogin Mississippi yake shiga teku. Ya tashi a unguwar Tremé, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin baƙar fata a Amurka. A gefen wannan unguwa akwai wani fili da ake kira Congo Square. A zamanin bauta, bayin da aka kwaso daga Afirka sukan taru a wannan fili ranar Lahadi, su yi kiɗa da rawa irin na ƙasashensu. A wurare da yawa na Amurka iyayengiji sun hana bayi taɓa ganga, don tsoron kada su aika wa juna saƙon tawaye da ita. Ku da kuka san yadda kalangu yake magana, ba za ku ce tsoron nasu na banza ba ne. A New Orleans kuwa ganga ba ta mutu ba, ta ci gaba da rayuwa har ta haɗu da kayan busa na sojan Turawa, aka sami kiɗan da ake kira jaz.

Akwai wata al'ada a garin wadda ta shiga jinin kowane yaro. Idan wani ya rasu, 'yan badujala sukan raka gawa da kiɗa mai sanyi. A hanyar dawowa sai kiɗa ya sake, ya yi zafi, jama'ar unguwa su bi bayan makaɗa suna rawa a kan titi. Mai babbar ganga a wannan jerin gwano ba ya buga ta a miƙe kamar ta fareti. Yakan jinkirta bugu ɗaya, ya gaggauta wani, har ƙafar mai tafiya ta ƙi tafiya ta koma rawa. Palmer ya ji wannan tun yana goye.

Abin mamaki shi ne bai fara da ganga ba. Da ƙafa ya fara. Mahaifiyarsa 'yar wasan dandamali ce, kuma tun yana ɗan shekara biyar ya shiga rawar takalmi tare da ita. A wannan rawa ana liƙa ƙarfe a ƙarƙashin takalmi, mai rawa ya riƙa buga ƙasa da dunduniya da yatsu, sautin ya fito kamar kiɗa. Wanda ya ga 'yan Ƙoroso da abin kacau-kacau a ƙafafunsu zai gane abin da ake nufi: mai rawa shi ne kuma makaɗin kansa. Da wannan sana'a yaron ya zaga garuruwan Amurka a cikin ƙungiyar wata shahararriyar mawaƙiya mai suna Ida Cox. Kafin ya riƙe sandar kiɗa ya riga ya san inda waƙa take farawa, inda take juyawa, da inda mai rawa yake bukatar a taimake shi. Makaɗa da yawa sukan koyi kiɗa sannan su nemi masu rawa. Shi daga wajen masu rawa ya zo.

Daga soja zuwa situdiyo

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda sojojin Nijeriya suka je Bama, Palmer ya yi aikin soja a Turai. A lokacin rundunar Amurka a rabe take, baƙaƙe dabam, farare dabam. Da ya dawo gida sai ya shiga makarantar kiɗa ta Grunewald a New Orleans, ya koyi fiyano da ganguna, ya kuma koyi karanta rubutun kiɗa. Ku riƙe wannan batu na ƙarshe, za mu dawo kansa. A 1947 ya shiga ƙungiyar Dave Bartholomew, wani mai busa wanda daga baya ya zama mai tsara waƙoƙi ga kamfanin Imperial.

Kafin mu ci gaba, ya kamata ku san kayan aikinsa. A ƙasar Hausa kowace ganga da mai ita, kuma da yawa suna da wurinsu: tambari na sarki, kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Makaɗin jaz kuwa mutum ɗaya ne zaune a tsakiyar ganguna da yawa. Ƙafar dama tana taka wani maƙunshi da ke bugun babbar ganga. Ƙafar hagu tana buɗe wasu faranta biyu na tagulla tana rufewa. Hannun dama yana kan farantin tagulla, na hagu kuma yana kan wata ƙaramar ganga mai siraran wayoyi a ƙarƙashinta, waɗanda suke sa sautinta ya fito da kaifi kamar an karya kara. Gaɓoɓi huɗu, kowace da aikinta. Aikin mutum uku ko huɗu ne aka ɗora wa mutum ɗaya.

Wurin da Palmer ya yi suna wani ɗan ɗaki ne a bayan kanti a titin Rampart, daura da Congo Square ɗin nan da muka ambata. Sunan wurin J&M, mai shi kuma Cosimo Matassa. Ɗakin ƙarami ne, makirfo kaɗan ne, kuma a shekarun farko kai tsaye ake yanka sauti a kan faifai. Babu damar a ɗauki kiɗa yau a ɗora murya gobe, kamar yadda ake yi da kwamfuta a situdiyon zamaninmu. Kowa yana ciki a lokaci guda. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure a ƙarshen waƙa, sai a koma farko. Idan mai ganga ya cika ƙarfi, ya danne muryar mawaƙi. Idan ya cika sanyi, waƙa ta mutu. Wanda zai ci abinci a irin wannan ɗaki dole ya iya riƙe hannunsa kamar yadda ya iya sakinsa.

Bugun biyu da huɗu

Ranar 10 ga Disamba, 1949, wani saurayi mai fiyano da ake kira Fats Domino ya shiga J&M ya yi waƙar da aka sa wa suna The Fat Man. Palmer ne a kan ganguna. Faifan ya sayu ƙwarai, kuma masana da yawa suna lissafa shi cikin faya-fayen farko na kiɗan da aka zo aka kira rok-an-rol. Me Palmer ya yi a cikinsa?

Ku ajiye littafi ku gwada. Ku ƙidaya a hankali: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ku sake komawa ɗaya, ba tare da tsayawa ba. Da farko ku tafa a kan ɗaya da uku. Za ku ji kamar kuna fareti a filin makaranta. Yanzu ku bar ɗaya da uku su wuce shiru, ku tafa a kan biyu da huɗu. Ƙidayar ba ta sake ba, saurin bai sake ba, amma jikinku zai gaya muku wani abu ya sake. Kafaɗa takan fara motsi da kanta. Wannan shi ne abin da za mu kira bugun baya: babbar ganga ta riƙe ɗaya da uku a ƙasa, ƙaramar ganga mai kaifi ta amsa mata a biyu da huɗu. Kamar mawaƙi ne da 'yan amshinsa, sai dai duka biyun a jikin mutum ɗaya suke.

Kada ku ɗauka Palmer ne ya ƙago wannan bugu. Baƙaƙen Amurka sun daɗe suna tafi a kan biyu da huɗu a majami'unsu. Makaɗan jaz na New Orleans ma suna yin sa, amma sukan ajiye shi sai a baitin ƙarshe, lokacin da ake so waƙa ta kai ƙololuwa kafin a rufe. Palmer da kansa ya bayyana cewa daga can ya ɗauko shi. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki abin da ake ɓoyewa sai ƙarshe ya shimfiɗa shi tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, da ƙarfi, ba tare da ya saki ba. A ido ƙaramin abu ne. Amma yau idan kuka kunna rediyo a Minna ko Legas ko Landan, da wuya ku yi minti goma ba ku ji ƙaramar ganga ta faɗo a kan biyu da huɗu ba.

Daga nan aiki ya buɗe. Shi ne ya yi wa Lloyd Price kiɗa a Lawdy Miss Clawdy a 1952, da Professor Longhair a Tipitina a 1953, da Smiley Lewis a I Hear You Knocking a 1955. Kamfanoni daga Los Angeles suka riƙa turo mawaƙansu New Orleans, ba don komai ba sai don su sami makaɗan wannan ɗan ɗaki: Palmer, da masu busa Lee Allen da Alvin Tyler, da mai bas Frank Fields.

Goma-goma da huɗu-huɗu

Canji na biyu ya fi na farko wuyar bayani, amma Hausar da kuke koyo za ta taimake ku. Kun san cewa a Hausa akwai gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi. A kalmar goma, wasalin gaɓar farko dogo ne, na biyu gajere. A kalmar huɗu, duka biyun gajeru ne. To, ku maimaita da ƙarfi: goma-goma-goma-goma. Za ku ji tafiyar tana ɗingishi, dogo da gajere, dogo da gajere, kamar sukuwar doki. Yanzu ku ce: huɗu-huɗu-huɗu-huɗu. Wannan a miƙe take, kowace gaɓa daidai da 'yar'uwarta, kamar ƙafafun jirgin ƙasa idan ya bar tashar Minna ya kama gudu.

Kiɗan jaz da yawancin kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka kafin 1955 a kan goma-goma suke tafiya. Da haka Palmer ya tashi, kuma da haka ya yi The Fat Man. A watan Satumba na 1955 kamfanin Specialty ya kawo wani mawaƙi daga Jihar Georgia mai suna Little Richard. Wannan mutum ba ya taɓa fiyano a hankali, dukanta yake yi, kuma hannunsa na dama a kan huɗu-huɗu yake tafiya. A waƙarsu ta farko da ta yi fice, Tutti Frutti, mai sauraro da kunnen basira zai ji abubuwa biyu suna ja-in-ja: fiyano tana huɗu-huɗu, ganguna suna goma-goma. Waƙar ta yi daɗi duk da haka, wasu ma suna ganin wannan ja-in-ja ne gishirinta. Amma Palmer ya ji abin da ke faruwa.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A nan mawaƙi ne ya sake, makaɗi ya bi shi. A cikin shekara guda, a waƙoƙin da suka biyo baya, Palmer ya daidaita hannunsa da na Richard. Idan kuka saurari Lucille, wadda aka ɗauka a 1956 aka fitar a 1957, ɗingishin ya tafi. Farantin tagulla yana huɗu-huɗu a miƙe, ƙaramar ganga tana saukowa a biyu da huɗu kamar guduma. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ce ƙashin bayan kiɗan rok har yau. Samarin Ingila da suka kafa ƙungiyar Beatles a kan waɗannan faya-faye suka yi koyo, har suka sake rera Long Tall Sally a 1964, waƙar da Palmer ya yi wa Richard kiɗanta a 1956.

A nan akwai gyara da ya kamata a yi, domin masu son gwani sukan ba shi har abin da ba nasa ba. Little Richard yana da makaɗinsa na yawo, Charles Connor, wanda yake bin sa gari-gari, kuma shi ma ya yi wannan kiɗa mai kama da gudun jirgi. Shi ne ya buga gangunan da suka buɗe waƙar Keep A-Knockin', ba Palmer ba, ko da yake mutane da yawa sun daɗe suna zaton Palmer ne. Laifin ba na masu sauraro ba ne. A kan faifan babu sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Hijira zuwa Los Angeles

A 1957 Palmer ya bar garinsu. Dalili ɗaya na aiki ne: manyan kamfanonin faifai da na fim suna Kalifoniya. Ɗaya kuma na rayuwa ne. A Louisiana ta wancan lokaci doka ta raba baƙi da fari a makaranta, da mota, da gidan abinci, har ƙungiyar makaɗa biyu ce a New Orleans, ta baƙaƙe da ta farare. Doka kuma ta haramta aure tsakanin baƙi da fari, alhali matar da Palmer yake so ya aura farar fata ce. A Kalifoniya kotu ta soke irin wannan doka tun 1948, kuma ƙungiyoyin makaɗa biyu na Los Angeles sun haɗe tun 1953. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke haramcin a duk faɗin ƙasar.

Ya fara da kamfanin Aladdin, kafin a jima kowa yana nemansa. A shekarar da ya isa ya yi wa Sam Cooke kiɗa a You Send Me, inda da kyar za ku ji gangunan saboda taushi. Wannan shi ne mutumin da ya yi Lucille! A 1958 ya yi wa Ritchie Valens La Bamba, tsohuwar waƙar gargajiya ta ƙasar Meziko da aka sa wa sabuwar riga. A 1964 yana cikin You've Lost That Lovin' Feelin' ta Righteous Brothers, a 1966 kuma yana bayan Tina Turner a River Deep, Mountain High. Ya yi aiki da Frank Sinatra, da Ray Charles, da Beach Boys. Ya yi kiɗan fina-finai da na shirye-shiryen talabijin, har da na zanen yara The Flintstones. Ƙungiyar makaɗa ta lissafa masa zaman aiki 450 a shekarar 1967 kaɗai. Ku raba wannan da kwanakin shekara ku gani.

Yanzu mu koma ga makarantar Grunewald. A situdiyon fim ba a jiran kowa. Makaɗa hamsin ko sittin suna zaune, kowane minti kuɗi ne, a miƙa wa mutum takardar kiɗan da bai taɓa gani ba, a ce a fara. Makaɗa masu zafin hannu da yawa sun tsaya a bakin wannan ƙofa domin ba su iya karatun ba. Palmer yana da kunnen titin Tremé, yana kuma da idon ɗan makaranta, shi ya sa ƙofar ta buɗe masa a lokacin da baƙaƙe kaɗan ne suke shiga. A ganina wannan ne ya bambanta shi da sauran gwanayen garinsu, fiye da ƙarfin hannu. Shi kansa ɗan jaz yake ɗaukar kansa, kuma bai ɓoye cewa yawancin waƙoƙin samari da ya yi wa kiɗa ba su kai jaz wuya ba. Duk da haka bai yi musu aikin raini ba.

Kura da shan bugu

Kun san karin maganar: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Makaɗin haya ladan zamansa kawai yake karɓa. Ko faifai ya sayar da kwafi ɗari, ko ya sayar da miliyan, abin da aka ba shi ranar nan shi ke nan. Kamasho yana tafiya ga wanda aka rubuta a matsayin mai waƙa, da kamfani, da mawaƙi idan ya yi sa'ar yarjejeniya mai kyau. Doka tana kare kalmomin waƙa da karin muryarta, amma ba ta ɗauki salon bugun ganga a matsayin dukiyar wani ba. Saboda haka bugun da dubban makaɗa suka kwaikwaya bai kawo wa Palmer ko sisi ba bayan ladan ranar.

Ba za a ce ya yi talauci ba. Yawan aiki ya sa ya sami rufin asiri fiye da mawaƙa da dama da suka yi tashe shekara biyu suka ɓace. Amma ya san inda takalmin yake matsa wa abokan sana'arsa, kuma a 1982 aka zaɓe shi ma'ajin reshen Los Angeles na ƙungiyar makaɗan Amurka. A daidai lokacin ne na'urar kiɗa mai kwaikwayon ganguna ta fara shiga situdiyo, aikin makaɗan haya ya fara ja da baya. Mun ga irin wannan a gida: tun daga shekarun 1990, fiyanon lantarki ɗaya a situdiyon Kano yana fitar da sautin da a da sai an tara masu kalangu da masu busa.

Nijeriya ma tana da nata labarin. Tony Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940, shi ne mai gangunan Fela Anikulapo Kuti daga 1964 zuwa ƙarshen shekarun 1970, kuma a kan hannunsa aka gina kiɗan Afrobeat. Allen ba makaɗin haya ba ne, ɗan ƙungiya ne, har shi ne jagoran makaɗanta. Duk da haka, a kan maganar kuɗi da rabon haƙƙi suka rabu da Fela. Ya koma Turai, ya zauna a Faransa, ya rasu a birnin Paris ranar 30 ga Afrilu, 2020. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi haƙƙi ga mai aiwatar da wasa, ba ga marubuci kaɗai ba, sai dai abin da ke takarda dabam, abin da ke shiga aljihun mai kalangu a gidan biki dabam.

Suna ya zo wa Palmer a makare. A 1999 marubuci Tony Scherman ya fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Backbeat. A 2000 gidan tarihin rok-an-rol da ke Cleveland ya buɗe sabon rukuni don makaɗan bayan fage, Palmer yana cikin mutum biyar na farko da aka shigar, tare da Hal Blaine, abokin aikinsa a Los Angeles. Yana da shekara 75 a lokacin, rabin ƙarni bayan The Fat Man. Har ƙarshen rayuwarsa yana kiɗan jaz da 'yar ƙaramar ƙungiyarsa. Ya rasu ranar 19 ga Satumba, 2008, a garin Banning na Kalifoniya.

Ma'anar kalmomi

Fage: filin da ake wasa ko kiɗa a gaban jama'a. Bayan fage: inda masu taimako suke, ba a ganinsu sosai.
'Yan amshi: masu maimaita wani sashe na waƙa bayan mawaƙi.
Badujala: kiɗan ganguna da kayan busa irin na soja ko 'yan sanda.
Ɗingishi: tafiyar wanda ƙafarsa ɗaya take ciwo, taku ɗaya dogo, ɗaya gajere.
Ƙololuwa: wuri mafi tsawo, ƙarshen hawa.
Ja-in-ja: jayayya tsakanin ɓangare biyu, kowa yana ja wajensa.
Kamasho: kason kuɗi da ake ba mutum daga abin da aka sayar.
Rufin asiri: samun abin biyan bukata ba tare da roƙo ba.
Tashe: lokacin da sunan mutum yake bakin kowa.

Nahawu

Daga aikatau kaɗa aka sami makaɗi, wato mai yin kiɗa. Mace makaɗiya, jam'i makaɗa. Haka mawaƙi, mawaƙiya, mawaƙa. Marubuci, marubuciya, marubuta. Ku lura cewa sandar da ake kaɗa ganga da ita ma sunanta makaɗi, kamar yadda ake cewa mabuɗi daga buɗe. Rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su. A sunan mutum, gaɓar tsakiya tana sauka ƙasa. A sunan sanda, duk gaɓoɓin uku suna sama. Ku roƙi malaminku ya furta muku su, ku maimaita har kunnenku ya rarrabe.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin makaɗin haya da makaɗin da yake bin mawaƙi ɗaya?
2. Ta yaya rawar takalmi ta shirya Palmer ga sana'ar kiɗa?
3. Marubucin ya ce Palmer bai ƙago bugun baya ba. To, me ya yi da shi?
4. Kawo dalilai biyu da suka sa ya bar New Orleans a 1957.
5. Me ya sa aka daɗe ana danganta kiɗan Charles Connor ga Palmer?
6. A labarin nan, wane ne kura, wane ne gardi? Kana ganin karin maganar ya dace da Palmer ta kowace fuska? Kafa hujja daga cikin darasin.

Aiki

A raba aji gida biyu. Kashi na farko su riƙa faɗin goma-goma, na biyu suna tafi a kan biyu da huɗu. Bayan minti ɗaya a koma huɗu-huɗu ba tare da an tsayar da tafi ba. Kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku a kan bambancin da ya ji.

A gida, nemi wani makaɗi a unguwarku, ko na Hausa, ko na Nufawa, ko na Gbagyi, ko mai ganguna a majami'a ko a situdiyo. Gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izininsa, sannan ka tambaye shi wanda ya koya masa kiɗa, da yadda ake raba kuɗi bayan an tashi daga biki. Rubuta abin da ya gaya maka da Hausa, cikin kalmomin da ba su wuce 200 ba, ka kawo aji mako mai zuwa.